Botox, allurar ciko ko mai tayar da kolajin: wacce za ki zaɓa, wacce ake haɗawa da wacce

Tallar allurar gyaran fuska ta cika wayoyin mata a Yamai. Ana turo hoton kafin da na bayan, a ce goshi da kumatu da leɓe duk a zama ɗaya, har da ragi ga wadda ta haɗa uku. Da yake duk allura ake ce musu, mutane na ɗauka abu ɗaya ne. Alhali wata tsoka take kwantarwa, wata rami take cikewa, wata kuma fata take sa ta gina kanta sannu a hankali. Likitocin fata suna haɗa su, kuma sau da yawa haɗin ya fi guda ɗaya kyau. Ɓarnar tana zuwa ne daga rashin tsari: wacce aka fara yi, kwana nawa aka bari a tsakani, a wane zurfi aka zuba, da kuma wanda ya riƙe sirinjin. Da mace muke magana a nan don su ne suka fi nema, amma duk abin da aka faɗa ya shafi namiji.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko, me ke damun fuskar. Ki tsaya gaban madubi da hasken rana, ki ɗaure fuska, ki ɗaga gira, ki yi murmushi, sannan ki saki. Layin da ya fito da motsi ya ɓace da kika saki, aikin tsoka ne. Ramin ƙarƙashin ido, kumatun da suka faɗa, da layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki ko fuska na hutawa, waɗannan raguwar kitse da ƙashi ne. Fata mai bushewa da ta rasa ƙyalli kuwa matsalar fatar ce kanta. Baƙar fata ba ta saurin yin ƙananan tamoji kamar farar fata, saboda launinta na kare ta daga rana. Abin da ya fi bayyana a wurinmu shi ne faɗawar tsakiyar fuska. Don haka mace da yawa da ke tambayar Botox ba shi take bukata ba.

Na biyu, kuma a ganinmu shi ya fi sauran nauyi: idan abin bai yi ba, ana iya warware shi? Na uku, wata nawa yake yi, da kuɗin da zai ci a shekara, ba na zama ɗaya kaɗai ba. Na huɗu, zama nawa ake bukata. Na biyar, mafi munin abin da zai iya faruwa, da saurin faruwarsa, da nisan da ke tsakaninki da likitan idan ya faru. Sai na shida wanda ya shafi ƙasarmu kai tsaye: yadda maganin ke jure zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa na wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta.

Kan farashi, ga abin aunawa. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kusan 656. A Faransa sirinji ɗaya na ciko mai mililita 1, ko Botox na saman fuska, yakan kama Yuro 300 zuwa 400, kimanin jika 200 zuwa 260. Kuɗin aikin likita na iya sauka a nan, amma maganin daga waje ake kawo shi, da kuɗin jirgi da na sanyi. Wanda ya ce zai cika miki leɓe a jika 15 ko 20, to ki san abin da ke cikin sirinjinsa ba wanda aka rubuta a kwali ba ne.

Botox da ƴan'uwansa

Sunan sinadarin toksin botulik nau'in A, wata guba ce da ake tacewa daga ƙwayar cuta a yi amfani da ɗan kaɗan. Botox sunan kasuwa ne da wani kamfani ya ba nasa. Akwai Dysport da Xeomin, a Faransa kuma na kwalliya ana sayar da su da sunan Vistabel, Azzalure da Bocouture. Amurka ta amince da Botox don layin tsakanin gira a 2002. Aikinsa shi ne tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai tsokar ta daina matsewa, fatar da ke kanta ta miƙe.

Awon da ke takardar Botox: yunit 20 tsakanin gira, a wuri biyar, huɗu-huɗu. Yunit 24 a gefen idanu, 12 kowane ɓangare. Yunit 20 a goshi, kuma ana haɗa goshi da tsakanin gira, don tsokar goshi ita ke ɗaga gira; idan aka kwantar da ita kaɗai, tsokar da ke jan gira ƙasa ta yi rinjaye, ido ya yi nauyi. Yunit na kamfani ɗaya ba daidai yake da na wani ba: tsakanin gira da ke cin yunit 20 na Botox, yunit 50 na Azzalure yake ci. Mai allurar da bai san wannan ba bai kamata ya taɓa fuska ba.

Yana fara aiki cikin kwana 3 zuwa 5, ya kai ƙarshe a mako 2, ya yi wata 3 zuwa 4. Ba a maimaitawa kafin wata 3. A shekara ke nan zama uku, shi ya sa wanda ake gani mai sauƙin kuɗi yakan zama mai tsada idan aka tara. Zaman kansa minti 15 ne, a tashi a koma aiki.

Ba shi da makari. Idan ya bazu zuwa tsokar da ke ɗaga fatar ido, idon ya sauko, sai haƙuri na makonni. Akwai maganin ɗigawa a ido da ke ɗan ɗaga shi kafin ya sake. Sauƙin abin shi ne komai ɓacinsa yana gushewa da kansa. Haɗari babba yana tare da jabu ko wanda ba a san ƙarfinsa ba. A 2024 a Amurka an kwantar da mutane a asibiti bayan an yi musu na jabu a wuraren da ba na likita ba. Alamun da ke sa a tafi asibiti nan take su ne gani biyu-biyu, wahalar haɗiya, lauyewar harshe da sarƙewar numfashi.

Botox da Azzalure a firigo suke zama, tsakanin digiri 2 da 8. Xeomin na jure zafin ɗaki har digiri 25 kafin a buɗe, amma ɗaki marar sanyi a Yamai ya wuce haka. Wanda ya sha zafi a cikin jaka ƙarfinsa raguwa yake, ki biya kuɗi goshi na nan yadda yake. Ki tambaya ina ake ajiye shi, kuma akwai injin wuta ko sola?

Bayan an yi, awa huɗu ba kwanciya, ba murza wurin, ba matse goshi. Dabara ita ce a yi shi da safe, wajen ƙarfe takwas, kafin Azahar awa huɗu sun wuce, sujada ba ta zama damuwa ba. A yi alwala a hankali, a sassauta ɗaurin kallabi a ranar, a bar hular kwano ta babur.

Allurar ciko ta asid hiyaluronik

Wannan wani kauri ne mai kama da jeli, irin sinadarin da jiki ke da shi, mai riƙe ruwa. Sanannun sunaye su ne Juvéderm, Restylane, Belotero, Teosyal da Stylage. Kowane kamfani na da mai tauri na kan ƙashi, kamar kunci da haɓa, da mai laushi na leɓe da ƙarƙashin ido. Sirinji ɗaya mililita 1 ne, kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi. Leɓe a karon farko rabin mililita zuwa ɗaya ya isa. Kumatu kan ci ɗaya zuwa biyu. Ana ganin canjin nan take, amma da kumburi a ciki. Siffar gaskiya sai bayan mako 2. A leɓe, inda motsi ya yi yawa, yakan yi wata 6 zuwa 9. A kunci da haɓa ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Fifikonsa a kan duk sauran shi ne yana da makari: hiyaluronidaz, allurar da ke narkar da shi cikin awoyi. Ko ya yi yawa, ko ya karkace, ko ya yi gudaji, ana iya cire shi.

Shi ne kuma mai haɗarin da ya fi gaggawa, don haka za mu ɗan tsaya a nan. Idan bakin allura ya shiga jijiyar jini, jelin ya toshe ta, fatar da jijiyar ke ciyarwa ta fara mutuwa. Jijiyoyin tsakanin gira, hanci, goshi da gefen hanci suna da haɗi da jijiyar ido, saboda haka jelin na iya komawa baya ya toshe ta, gani ya tafi cikin daƙiƙoƙi. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru lokacin ceton idon bai wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma sau da yawa ganin ba ya dawowa. Littattafan Turawa na cewa a duba fatar ta yi fari. A baƙar fata wannan farin ba ya fitowa sosai. Abin dubawa shi ne wurin ya yi toka-toka ko ya yi duhu mai zane kamar raga, ya yi sanyi, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko cikin leɓe da dasashi sun koɗe. Bayan kwana biyu zuwa uku ƙananan ƙuraje masu ruwa kan fito, a ɗauka ƙurajen zafi ne, alhali fata ce ke lalacewa. Maganin shi ne a cika wurin da hiyaluronidaz mai yawa, a maimaita kowace awa har jini ya dawo. Kwalba ɗaya yawanci yunit 1.500 ce, kuma ɗaya ba ta cika isa ba. Kafin a taɓa ki, ki ce a nuna miki kwalaben da ranar lalacewarsu. Wurin da babu su a ɗakin, ki ɗauki jakarki.

Ƙwararre na rage haɗarin da zubawa a hankali, ɗan kaɗan a kowane wuri, da amfani da kanula, wato doguwar allura mai dakusasshen baki. Kanula na da wani amfani gare mu: huda ɗaya ko biyu ta isa, kuma kowace huda a baƙar fata na iya barin baƙin ɗigo na watanni.

Sauran matsalolin sun haɗa da kwanciyar jini, kumburin ƙarƙashin ido idan an zuba da yawa ko kusa da sama, da gudajin da ke tasowa bayan watanni, sau da yawa bayan mura, ciwon haƙori ko rigakafi. Ciko ba ya bukatar firigo, amma yawancinsu kada su wuce digiri 25. Tun 1 ga Yuli 2024 Faransa ta hana sayar da shi sai da takardar likita, saboda ɓarnar da masu allurar ɓoye suka yi.

Masu tayar da kolajin: Sculptra da Radiesse

Kolajin shi ne zaren da ke riƙe fata. Sculptra gari ne da ake jiƙawa da ruwan allura. An fara amincewa da shi a Amurka a 2004 don faɗawar fuskar masu cutar sida, sannan don kwalliya a 2009. Ruwan na tsotsewa cikin kwanaki, fuska ta koma kamar ba a yi komai ba, sai ƙwayoyin garin su sa jiki ya yi ta saƙa kolajin. Ana zama 2 zuwa 3, da mako 4 zuwa 6 a tsakani, a ga sakamako bayan wata biyu zuwa uku, ya yi kusan shekara biyu. Akwai aikin gida: tausa minti 5, sau 5 a rana, kwana 5, don kada garin ya taru wuri ɗaya. Radiesse kuwa ƙwayoyin sinadarin ƙashi ne cikin jeli, sirinjinsa mililita 1,5. Yana cikewa nan take, ya kuma tayar da kolajin, ya yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya dace da muƙamuƙi da haɓa.

Kuɗin farko ya fi na sauran, amma idan aka raba a shekara biyu ba su fi Botox tsada ba. Aibinsu ɗaya ne babba: ba su da makari. Gudaji idan ya fito, ana fama da shi wata da watanni, wani lokaci sai an yanka. Idan Radiesse ya shiga jijiya, hiyaluronidaz ba ya narkar da ƙwayoyinsa. Ba a sa su a leɓe ko ƙarƙashin ido. Wadda jikinta ke yin tabo mai tudu, irin wanda ke tsirowa a kunne bayan huji ko a ƙirji, ta bar Sculptra. Takardar maganin ma ta hana. Ra'ayinmu shi ne wadda ba ta taɓa yin allurar fuska ba kada ta fara da waɗannan.

Masu shayar da fata: Profhilo da PRP

Profhilo asid hiyaluronik ne mai ruwa-ruwa, miligiram 64 cikin mililita 2, ana sa shi a wuri biyar kowane ɓangare, zama biyu da wata ɗaya a tsakani, ya yi kamar wata 6. Ba ya cike rami, laushi da ƙyalli yake ƙarawa.

PRP jinin mutum ne: a ɗebi mililita 10 zuwa 20, a juya a na'ura, a tace ruwan sama a mayar cikin fata, yawanci zama uku wata-wata. Sakamakonsa kaɗan ne kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ana tallarsa da cewa jininki ne, babu haɗari. Haɗarin yana cikin kayan aikin. A jihar New Mexico ta Amurka, hukumar lafiya ta gano mata sun kamu da ƙwayar cutar sida ta wannan hanya a wani shagon kwalliya marar lasisi da aka rufe a 2018. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu, ya fi sida saurin bin allura. A buɗe kowace allura da kwalbar jini a gabanki.

Waɗanda ba sa cikin zaɓi

Ruwan silikon, man farafin, da duk ciko da aka ce na dindindin ne. Suna tafiya cikin nama, su yi ƙari bayan shekaru, ba sa fita sai da wuƙa, ita ma ba duka ba. Haka alƙalamin matsa ciko marar allura da ake sayarwa a intanet, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2021. Haka duk sirinjin da aka kawo a cike ba kwali ba lamba.

| | Botox | Ciko | Sculptra, Radiesse | Profhilo, PRP |
|---|---|---|---|---|
| Aikinsa | Layin motsi | Rami da siffa | Faɗawar fuska gaba ɗaya | Laushi da ƙyalli |
| Fara gani | Kwana 3 zuwa 14 | Nan take | Sculptra wata 2 zuwa 3, Radiesse nan take | Bayan makonni |
| Daɗewa | Wata 3 zuwa 4 | Wata 6 zuwa 18 | Shekara 1 zuwa 2 | Kamar wata 6 |
| Zama | 3 a shekara | 1, da dubawa | 1 zuwa 3 | 2 zuwa 3 |
| Kuɗi a shekara | Mai yawa in an dage | Gwargwadon sirinji | Mai nauyi da farko | Matsakaici |
| Makari | Babu, yana gushewa | Akwai | Babu | PRP ba ya bukata |
| Mafi muni | Saukowar ido, gubar jabu | Toshewar jijiya, makanta | Gudaji, toshewar jijiya | Cuta daga kayan aiki |

Yadda ake haɗa su

Botox da ciko shi ne haɗin da aka fi sani, kuma yana da dalili: tsokar da ta kwanta ba ta murza cikon, sai ya fi daɗewa, kuma ba a bukatar mai yawa. Hanya mafi tsafta ita ce Botox da farko, a jira mako 2, a ga abin da ya rage, sannan a cike. Sau da yawa layin da aka yi niyyar cikewa ya ɓace da kansa, kuɗin sirinji ɗaya ya tsira, an kuma kauce wa zuba ciko tsakanin gira, wurin da ya fi ko'ina haɗari. Ana iya yin su rana ɗaya idan wuraren sun bambanta, misali Botox a goshi, ciko a kunci. A nan ciko ake fara yi, a gama tausarsa, Botox ya zo ƙarshe, don tausa da kumburi na iya tura shi zuwa tsokar da ba a nufa ba. Ba a taɓa gauraya su cikin sirinji ɗaya.

Ciko da mai tayar da kolajin ba a zuba su wuri ɗaya a zurfi ɗaya a rana ɗaya. Idan gudaji ya fito ba za a san na wanne ba ne, balle a san ko makari zai yi aiki. A bar aƙalla mako 4. Mai son Sculptra da ciko duka, ta gama zaman Sculptra, ta jira ya nuna, sannan a ƙarasa leɓe ko ƙarƙashin ido da ciko. Sculptra da Botox kuma kada tausar kwana biyar ta bi ta inda aka sa Botox.

Profhilo ko PRP a raba su da ciko da mako 2 idan wuri ɗaya ne. Aikin leza, saɓe fata da sinadari, da hudar ƙananan allurai, ko a yi su a warke tukuna, ko a jira mako 2 bayan ciko. Dilka, halawa da gogar fuska mai ƙarfi ma haka.

Doka mafi tsanani: ba a zuba komai a kan abin da ba a san ko mene ne ba. Wadda aka taɓa yi wa allura a shago ko a wata ƙasa ba ta san sunanta ba, ta faɗa wa likita ko da shekara goma ne. Sabon ciko a kan tsohon silikon na tayar da kumburin da ba ya jin magani. Saboda haka kowane kwali na da ƴar takarda mai lamba da ake mannawa a katin mara lafiya. Ki ɗauki hotonta, da sunan maganin, da wurin da aka sa, da kwanan wata. Kuma gara likita ɗaya ya riƙe tsarin duka da a yi goshi a unguwar Filato ta Yamai, a yi leɓe a Kotonu, a yi kumatu a Dubai.

Ga misalin tsari ga mai bukatar uku: ranar farko dubawa da hoto da Botox. Mako na 2, duba Botox da ciko mililita 1 zuwa 2. Mako na 4, dubawa da ƙari idan da bukata. Mako na 6, Profhilo na farko. Mako na 10, na biyu.

Wadda za ta dakata

Mai ciki da mai shayarwa su bar duka. Mai zazzaɓin cizon sauro, mura, maruru ko ƙuraje masu ruwa a fuska ta warke tukuna. Aikin haƙori da rigakafi a ba su mako 2 kafin ciko ko bayansa. Wadda ƙurajen zazzaɓi ke yawan fito mata a leɓe, likita ya ba ta asiklobir ko danginsa kafin a taɓa leɓen. Aspirin, ibuprofen da diklofenak na ƙara kwanciyar jini, a bar su mako ɗaya idan don ciwo kawai ake sha, amma wanda likita ya rubuta don zuciya ko tsinka jini ba a tsayar da shi sai da izininsa. Mai shan allurar jentamisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko mai cutar raunin tsoka ta nisanci Botox, don suna ƙara masa ƙarfi. Mai sikila, mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki, sai likitan da ke bin su ya yarda.

Sai maganar man bilicin, wadda mata da yawa ke ɓoyewa. Man da ke ɗauke da kortizon, irin su klobetazol, yana sirantar da fata, ya raunana jijiyoyinta, ya rage mata ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta. A irin wannan fata jini na saurin kwanciya, huda na jinkirin warkewa, ciko na nunawa ta sama. Ki kai wa likitan fata kwalaben ya gani, ya tsara yadda za a janye su a hankali, don yankewa farat ɗaya na tayar da ƙuraje.

Mai allurar ya zama likita mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, zai fi kyau likitan fata ko na tiyatar gyara, a kilinik, ba a salon ko falon gida ba. Ki tambaye shi lambar da za ki kira da dare, da asibitin da zai kai ki idan ido ya taɓu.

Wacce ta dace da wa

Mai layin ɗaure fuska ko na goshi da ke ɓacewa idan ta saki: Botox kaɗai, a awon takarda ko ƙasa da shi.

Mai faɗawar kumatu da layin gefen hanci: ciko a kunci, a kan ƙashi, mililita 1 zuwa 2. Ɗaga kuncin yakan rage layin ba tare da an taɓa shi ba. Botox ba shi da aiki a nan.

Mai duhun ƙarƙashin ido: ta ja fatar a hankali gaban madubi. Idan duhun ya ɓace, inuwar rami ce, ciko kaɗan na iya taimakawa a hannun ƙwararre. Idan launin ya bi fatar, ba aikin allura ba ne.

Mai shekara 45 zuwa sama da fuskarta ta rame ko'ina, ba ta da tabo mai tudu, ta riga ta gwada ciko ta ga yadda jikinta ke karɓa: Sculptra, da Botox a sama idan da layin motsi.

Amarya ko uwar biki: a fara wata 3 kafin ranar, allurar ƙarshe ta kasance aƙalla mako 4 kafin ta, gyaran jiki ya biyo bayan mako 2. Idan saura kwana goma, a bar allura, a tsaya ga lalle da kwalliya.

Mai kuɗin abu ɗaya kacal: ta zaɓi wanda ya dace da gwajin madubi, ta yi shi da maganin gaskiya, maimakon uku masu arha.

Mai zuwa daga Tawa, Konni ko Madawa: hanyar Tawa zuwa Yamai ta wuce kilomita 500, wuni guda a mota. Botox ba ya hana komawa washegari, sai dai a shirya dawowa ko turo hoto a rana ta 14. Ciko kuwa ta kwana uku a Yamai bayansa, kusa da likitan da makarinsa, don a cikin kwanakin nan toshewar jijiya ke bayyana. Idan tafiya ɗaya kawai za ta iya, a yi ciko a ranar farko, Botox ya biyo baya a wani wuri daban, a bar Sculptra da Radiesse sai lokacin da za ta iya zuwa wata-wata.